Yadda Ake Farfaɗo da Akwatin Tsohon Injin Finbol a Gida

Duk wanda ya sayi tsohon injin finbol, abin da ke fara tsone masa ido shi ne fenti: ja ya koɗe ya koma ruwan hoda, gefen maɓallan wasa ya goge har katako ya fito, wani kuma ya kafta sunansa da ƙusa tun shekaru arba'in da suka wuce. Nan take zuciya za ta ce a ɗauko samfefa. Kada ka biye mata. A wannan aiki akwai matakan da in ka taka ba ka da hanyar komowa, kuma goge tsohon zane shi ne babbansu. Saboda haka jerin aikin ya fi ƙwarewar hannu muhimmanci: a adana zane, a gyara katako, sannan a zo kan launi.

Ga wanda bai saba da shi ba, finbol injin wasa ne mai ƙafa huɗu, da fili mai gangare a ƙarƙashin gilashi inda ƙwallon ƙarfe ke yawo, ɗan wasa yana maido da ita sama da wasu 'yan fikafikai biyu. Gidansa birnin Shikago ne a Amurka, inda kamfanonin Gottlieb da Bally da Williams suka yi tashe. Gottlieb ne ya fara sa fikafikan a 1947. Williams, na ƙarshe a cikinsu, ya daina ƙera finbol a 1999, don haka kusan duk injin da ke ɗauke da ɗaya daga cikin sunayen nan uku ya kwana biyu a duniya. Akwatin da za mu yi magana a kansa shi ne gangar jikin katako da ke riƙe da filin wasa, tare da kan da ke tsaye a baya mai ɗauke da gilashin zane da allon maki.

Shin ma akwatin na bukatar sabon fenti?

Fara da wanki. Ka jiƙa tsumma da ruwan sabulu mai ɗumi, ka matse shi sosai, ka gwada a wani lungu na baya. Yawancin waɗannan injuna sun yi rayuwarsu ne a mashaya da shagunan wasa, don haka abin da kake gani kamar lalacewar fenti sau da yawa hayaƙin taba ne da maiƙon hannu. Farin soson nan na melamin da ɗan sifirit yana ɗauke dauɗar da ta shige tsagar fenti, amma shi kansa yana cin fenti, sai a bi a hankali.

In bayan wanki ka ga zanen yana nan, kusurwoyi ba su buɗe ba, ni shawarata a bar shi haka, a taɓa wuraren da suka ɓantare kawai. Masu tara waɗannan injuna da yawa sun fi daraja fentin asali mai ɗan tabo a kan sabon fentin da bai yi kyau ba. Cikakken gyara na akwatin da ruwa ya ci ne, ko wanda wani ya shafe da fentin gida, ko wanda saman katakonsa ya tsattsage yana ɓarewa.

Sai ka gane irin zanen da ke gabanka, domin shi zai faɗa maka hanyar da za ka bi. Injunan da aka ƙera har zuwa farkon shekarun 1980 da sitensil aka yi musu zane, wato faranti mai huji da ake ɗorawa a fesa fenti ta cikinsa, galibi launi biyu ko uku a kan fentin ƙasa. Na baya-bayan nan, musamman na shekarun 1990, zanensu bugawa aka yi, mai launuka da yawa, kuma ba a iya maimaita shi da hannu. Su sai dai a saya musu sabuwar sitika.

Adana zane kafin komai

Ɗauki hoton kowane gefe a tsaye daidai, da awon tef a cikin hoton. Ɗauki na ciki ma: inda kowace waya ta bi, inda kowane sukuru ya shiga. Hoton da ka raina yau shi za ka nema ruwa a jallo ranar haɗawa.

In injin na sitensil ne, manna takarda mai shara-shara a duk faɗin gefen, ka bi layin zanen da fensir, kowane launi a takardarsa. Ka yi alamar bakin akwati da ramukan ƙafa da na maɓalli a kan kowace takarda, don su ne za su daidaita maka launi a kan launi daga baya. Ka kwafi gefen hagu daban, na dama daban, kada ka ɗauka cewa ɗaya juyin ɗaya ne. Haka gaban akwati da gefunan kai. Inda zane ya goge gaba ɗaya, rumbun Internet Pinball Database na da hotuna da tallace-tallacen asali na dubban injuna, kana iya cike gurbin daga nan.

Ainihin launin fenti kuma ba a fili yake ba, rana ta riga ta cinye shi. Yana ɓoye a ƙarƙashin ƙafafu, da ƙarƙashin ƙarafan gefe, da bayan firam ɗin ƙofar kuɗi, wato ƙofar gaban akwati inda ake jefa kuɗin wasa. Nan za ka ga jan da masana'anta ta fesa. Da shi za ka je wurin masu haɗa fenti. Ka kuma nemo lambar injin, wadda a tsofaffin injuna ake bugawa a jikin katakon kansa. Rufe ta da tef, kada samfefa ko foti, wato kwaɓin cike rami, su taɓa ta.

Kwance injin

Zare filogi daga bango, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Buɗe ƙofar kuɗi, ka saki ƙarfen gaba mai kulle gilashi, ka zaro gilashin filin wasa. Gilashi ne mai tauri, amma bakinsa ne lagonsa: in ya daki siminti sai ya tarwatse, don haka a jingine shi a kan kwali ko bargo. Cire ƙwallaye kafin ka ɗaga filin wasa, in ba haka ba za su gangaro su fasa robobin ado.

Gilashin zanen da ke kai shi ne abu mafi wuyar samu a duk injin. Fentinsa a baya yake, kuma tsufa na sa shi ɓarɓashi. Kada ka goge bayan, kada ka kwantar da shi, kada ka bar shi inda zafi ko laima za su same shi. A tsaye, a ɗaki mai inuwa.

Daga nan ka cire mahaɗan wayoyi tsakanin kai da gangar jiki, kana liƙa wa kowane ɗaya lamba a ɓangarorinsa biyu. Kwance notocin kai, ku sauke shi ku biyu. Haka filin wasa: yana da nauyi, kuma ƙarƙashinsa cike yake da kayan da ba sa son a danne su, sai a jingine shi a tsaye ko a ɗora bakinsa a kan katako biyu. Cikakken inji ya haura kilo 100, ba aikin mutum ɗaya ba ne. A injunan da ke da allunan lantarki, wato daga wajajen 1977 zuwa sama, ka duba batiran da ke kan babban allo tun da ka buɗe. In sun fara zubar da ruwa, cire su nan take.

Abin da ya saura shi ne taransifoma, ƙofar kuɗi, sandar harba ƙwallo, maɓallai, da ɗan ƙarfen da ke lilo don kama mai girgiza inji. Kowane rukuni da ledarsa da sunansa. Ƙarafan gefe su ne masu taurin kai, domin da ƙusoshi masu murɗe aka kafa su, a wasu injunan baya kuma har da tef mai gam fuska biyu. Zura wuƙar foti a ƙasa ka ɗan ɗaga, kan ƙusa zai fito, sai ka kama shi da filaya ka murɗa. In ka ɓanɓare da ƙarfi ƙarfen zai lanƙwashe, kuma ba ya komawa daidai. Ƙafafu su ne na ƙarshe, bayan ka ɗora akwatin a kan benci.

Katako

Nan aikin yake, kuma nan ne mutane ke gaggawa.

An yi bangon akwatin da filawud mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, kusan milimita 19. Ƙasansa kuwa siririn allo ne, sau da yawa na garin katako da aka matse, wanda aka zura cikin tsaga a jikin bangaye. Shi ne ke fara mutuwa in injin ya zauna a wuri mai laima: ya kumbura, ya lotsa, ya yi warin ruma. In ya kai haka, kada ka ɓata lokacin lallashinsa. Yanke shi, ka share tsagar, ka sa sabon filawud, ka tallafe shi daga ciki da 'yan sandunan katako da gam. Kafin ka jefar da tsohon, yi amfani da shi ka kwafi ramukan iska da na makunni da na sifika.

Sai kusurwoyi huɗu. Duk nauyin injin da duk girgizar 'yan wasa a nan suke sauka, saboda kowace ƙafa da noti biyu take kama kusurwa, su shige cikin farantin ƙarfe da ke ciki. Kama bango biyu ka motsa. In ka ga haɗin na numfashi, buɗe shi kaɗan, ka kankare tsohon gam har sai katako ya fito, domin sabon gam ba ya kama tsoho. Zuba gam ɗin katako sosai, ka matse da abin matsi na kafinta ko igiyar ɗaure kaya mai ƙugiya, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye. In awo biyun sun zo ɗaya, akwatin ya miƙe. Bar shi ya kwana a matse. Farantan cikin ma ka duba su. In zarensu ya cinye, sauya su yanzu, tun akwatin yana fanko.

Filawud da ya fara rabuwa falle-falle ana yi masa allura: ka ɗura gam da sirinji tsakanin fallayen, ka sa leda da miƙaƙƙen katako a kowane gefe, ka matse. Inda katako ya yi laushi amma bai ruɓe ba, akwai ruwan da ke taurara shi. Inda ya ruɓe ko gara ta ci, a yanke har a kai ga lafiyayyen wuri a dasa sabon guntu. Kuma in ka ga garin katako na zubowa daga 'yan ramuka, a yi maganin ƙwarin kafin a rufe su da fenti. Ramin sukuru da ya buɗe, ka faɗaɗa shi da injin huda, ka cusa turken katako da gam, in ya bushe ka sake hudawa.

Yanzu ne lokacin samfefa, amma da sharaɗi. Amurka ba ta hana fenti mai dalma a kayan gida ba sai 1978, don haka duk injin da ya girmi wannan shekara ka ɗauka fentinsa na da ita. Wanda ya tuna abin da ƙurar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ya bukatar dogon bayani. A yi aikin a waje, nesa da yara da wurin girki, da abin rufe hanci mai matata na gaske, ba ƙyalle ba. A shimfiɗa leda a tattara ƙurar, a sauya tufafi kafin a shiga ɗaki. Maganin cire fenti ya fi samfefa rage ƙura. Tsohuwar sitika kuma da iska mai zafi ake ɗaga ta, sauran gam ɗin a bi shi da abin narkarwa.

Fara da samfefa mai lamba 80, ka koma 120, sannan 220. Naɗe ta a jikin miƙaƙƙen katako, kada ka goga da tafin hannu. Kula da baki da kusurwa: fallen saman filawud siriri ne, kuma kusurwar da aka dulmuye da guga tana tona asirin gyara daga nesa.

Ramuka da ɓantarori ana cike su da fotin da masu gyaran jikin mota ke amfani da shi, mai haɗi biyu. Fotin katako na gwangwani yana ƙanƙancewa ya tsage. Kwaɓa kaɗan-kaɗan, don cikin 'yan mintuna yake sandarewa. Kusurwar da ta gutsure, ka matse katako mai leda a gefe ɗaya ya zama bango, ka cika, ya bushe, ka juya ɗaya gefen. Bayan haka fentin share fage, wanda ake shafawa kafin na launi, hawa biyu, guga da lamba 320, sannan ka kashe fitila ka haska tocila a kwance a jikin katakon. Duk kwarin da ido bai gani ba zai fito da inuwarsa. Cike, goge, sake shafawa. Za ka maimaita wannan har ka gaji, kuma gajiyar ba ita ce alamar an gama ba, tocilar ce.

Fenti da sitensil

Zaɓi iri ɗaya na fenti daga farko har ƙarshe, in da hali na kamfani ɗaya. Fenti mai tina mai zafi in ya hau kan fentin mai sai ƙasan ya yamutse. Gwada duk haɗin a kan guntun filawud tukuna. Masana'anta ba ta yi wa waɗannan akwatuna ƙyalli irin na mota ba, don haka mai ɗan dushi-dushi ya fi kama da asali. Ranar feshi a nemi wuri mai iska amma ba ƙura. Ƙurar hunturu da laimar damina duk abokan gaba ne, sai a yayyafa ruwa a ƙasa a kewaye wurin da leda.

Fentin ƙasa ke fara hawa, a yawancin injunan shekarun 1960 da 1970 fari ne mai ɗan duhu. Hawa biyu ko uku marasa kauri. Bayansa sai wani abu da sababbin hannu kan manta: yayyafin ɗige-ɗige, ko zare-zare kamar saƙar gizo, da masana'anta ke watsawa a kan farin kafin zane. Ba ado kaɗai ba ne, yana ɓoye aibin katako. Ɗige-ɗigen ana yin su da buroshi mai tauri: ka tsoma a fenti mai ruwa-ruwa, ka karce gashin da yatsa daga ɗan nesa. Dubi hotunanka ka ga yawansu da girmansu, ka gwada a kwali har hannunka ya faɗa. Kuskuren da aka fi yi shi ne cikawa. In kana shakka, tsaya.

Bari wannan ya bushe kwanaki, ba sa'o'i ba, musamman in sitensil mai gam za ka yi amfani da shi, don yana iya ɗago ɗanyen fenti. Hanya biyu ce. Ko ka sayi sitensil na leda da aka riga aka yanka don injinka, ko ka yanka naka daga kwafin da ka yi, a kan kwali mai ƙarfi ko siririn allo. Na ledar yana ba da baki mai kaifi tsaf. Na kwali yana barin ɗan hazo a bakin zane, kuma haka na asali yake, domin faranti masana'anta ke ɗorawa ba tare da gam ba. Ni na fi son wannan hazon. Bakin da ya cika tsabta a jikin injin 1972 yana sa shi kama da abin da aka ƙera jiya.

Launi mai haske ke fara hawa, mai duhu ya biyo baya, baƙi a ƙarshe. Kwantar da akwatin yadda gefen da kake fesawa zai kalli sama, ka danne kwalin da notoci ko wasu ƙarafa masu nauyi kusa da bakin huji, ka rufe duk sauran jiki. Fesa daga sama kai tsaye, ba a karkace ba, hawa mara nauyi sau biyu ko uku. Ɗage sitensil tun fentin yana ɗan danƙo. In ka bari ya bushe ƙam, zai yago bakin zanen. Tsakanin launi da launi a ba da aƙalla kwana guda.

In na sitika ne

Sitika ba ta ɓoye komai, ƙara fito da shi take yi. Ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashinta za ta zama ƙurji. Don haka jikin akwatin sai ya yi sumul, an fente shi, an bar shi mako ɗaya ko fiye, saboda fentin da bai gama bushewa ba yana fitar da iska ya tayar da kumfa. Fente baki da kusurwoyi da launin da ya dace da gefen sitikar. Wajen saye a nemi mai lasisi: na Williams da Bally, kamfanin Planetary Pinball ne ke riƙe da izinin, kuma na bogi sukan zo da launi ko awo da bai daidaita ba.

Shimfiɗa ta ta kwana a miƙe. Ɗora ta a gefen, ka daidaita da ramuka da kuma zanen gaba, ka danne tsakiya da tef ko abu mai nauyi. Ɗaga rabi, ka yanke takardar bayan, ka shafa daga tsakiya zuwa waje da faifan roba mai laushin baki, wani yana riƙe maka bakin a sama. Sai ɗaya rabin. Wasu na fesa ɗan ruwa mai ɗigon sabulu don su samu damar gyara zama, kuma ga mai farawa wannan ya fi kwanciyar hankali, in dai katakon ya rufu da fenti ko'ina. Yanke rarar da sabuwar reza da miƙaƙƙen ƙarfe, ka shigo ciki kamar milimita biyu daga baki don kada hannu ya riƙa ɗago ta. Wurin zaman ƙafa kuma, ka yanke sitikar ka cire, ko ka sa farantin kariya a tsakani. Ƙafar da aka ɗaure kai tsaye a kan sitika tana tattare ta cikin 'yan watanni.

Ƙarafa da haɗawa

Ƙafafu masu tsatsa a jiƙa su a maganin tsatsa ko ruwan khal, a goge, a fente ko a goge su su yi haske gwargwadon yadda suke a asali. Tsawonsu ya bambanta: na Williams da Bally galibi inci 28 da rabi ne, na tsofaffin Gottlieb inci 31, don haka kada a haɗa na wani da na wani. Dunduniyoyin da ake murɗawa a ƙasansu da notocin ƙafa ba su da tsada, a sa sababbi.

Kafin komai ya koma ciki, maido da saƙaƙƙiyar wayar nan mara riga da ke zagaye cikin akwatin. Ita ce wayar ƙasa, kuma ita ke haɗa ƙofar kuɗi da ƙarafan gefe da farantan ƙafa, wato duk inda hannun ɗan wasa ke taɓawa. Auna da mita ka tabbatar kowannensu na haɗe da ƙafar ƙasa ta filogi. Tsofaffin injuna masu filogi mai ƙafa biyu a sauya musu da mai uku. Ka kuma duba wutar da aka saita taransifoma a kai: injin da aka yi don kasuwar Amurka na cin bolt 120 ne, wutar Najeriya da Nijar kuwa ta haura 200, don haka sai an sauya haɗin taransifomar in tana da wannan damar, ko a sa na'urar rage wuta, da fis ɗin da ya dace. In ba ka saba da wannan ba, kira mai gyaran lantarki.

Sauran haɗawa bin hotunanka ne daga ƙarshe zuwa farko. Notocin ƙafa a ɗaure su su kama, ba har katako ya yi ƙara ba. In injin ya tsaya da ƙafafunsa, ɗora ma'aunin daidaito a kan filin wasa kansa, ba a kan gilashi ba, ka daidaita hagu da dama da dunduniyoyi. Gangaren gaba da baya kuwa, injunan zamani digiri shida da rabi ake ba su, tsofaffi masu injin maki na juyawa wajen uku da rabi. Sa sababbin ƙwallaye, domin tsohuwa mai tsatsa tana cin zanen fili. Sannan ka bar sabon fentin ya yi kamar wata guda kafin ka shafa masa kakin goge ko ka jingina wani abu a jikinsa.